Hunainu ɗan Is'haƙa: Ɗalibin da aka kora daga aji, littafinsa ya zama jarrabawar likitocin ido

Kai da ake kira sarkin tambaya a aji, har malami ya fara haɗe rai da zarar ka ɗaga hannu, labarin wannan makon naka ne. Haka ke ma da aka taɓa ce miki 'yan gidanku ba su gaji karatun likita ba. Mutumin da za mu yi magana a kansa ya rasu fiye da shekara 1,100 da suka wuce, amma abin da ya same shi yana yaro, ina jin da yawanku za ku gane shi tun kafin in kai ƙarshe.

Sunansa Hunainu ɗan Is'haƙa, ana yi masa alkunya da Abu Zaidu. An haife shi wajen shekarar 809 a garin Hira, kusa da Kufa a ƙasar Iraƙi ta yau, zamanin daular Abbasiyawa. Balarabe ne Kirista, daga jama'ar da ake kira Ibadu, waɗanda ke Larabci a gida da kasuwa, su yi ibada da karatu cikin harshen Suryananci. Ka ga tun yana ƙarami harshe biyu ne a bakinsa. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne, don haka cikin ƙamshin saiwoyi da garin magani ya tashi, kuma ba abin mamaki ba ne da ya sa wa ransa sai ya zama likita.

To a wancan lokacin likitanci a Bagadaza kusan gadon wasu gidaje ne. Yawancin manyan likitocin fada asalinsu daga Jundishafur suke, wani gari a kudu maso yammacin Iran da ya yi suna wajen ilimin magani, kuma ba sa son bare ya shigo musu sana'a. Mutanen Hira kuwa kallon 'yan kasuwa suke yi musu. Hunainu ya zo Bagadaza ya zauna gaban ɗaya daga cikin waɗannan manya, Yuhanna ɗan Masawaihi, likitan halifofi, wanda shi ma ya rubuta littafi a kan cututtukan ido. Yaro ya shiga karanta wani littafin Jalinusa, babban likitan Girkawa, mai bayani a kan mazhabobin likitoci. Matsalar ita ce ba ya barin layi ya wuce bai tambaya ba. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata, amma shi a ranar ya ɓata wa malam rai. Masu tarihi sun ruwaito cewa Yuhanna ya fusata, ya goranta masa asali a gaban jama'a, ya nuna masa cewa ɗan Hira ba shi da haɗi da likitanci, gara ya je ya nemi ɗan jari wurin danginsa ya zauna bakin hanya yana canjin kuɗi. Wato da a Kano ne, Wapa aka tura shi. Aka fitar da shi daga gidan yana kuka.

Daga nan aka daina ganinsa, shekaru suka shuɗe. Ashe alkawari ya ɗaukar wa kansa, ba zai sake taɓa karatun likita ba sai ya iya Girkanci, harshen da aka rubuta ainihin littattafan da shi. Duba dabarar da kyau fa. Malaminsa da sauran manyan, akasari ta fassarar Suryananci suke karanta Jalinusa, fassarar kuma cike take da kurakurai da wuraren da ba a gane me ake nufi. Shi ya sa tambayoyin yaron suke da wuyar amsawa. Maimakon ya tsaya jayayya da masu riƙe da kwafi, sai ya tafi neman tushe. Wani mutum mai suna Yusufu ɗan Ibrahim ya ba da labarin cewa wata rana a gidan wani abokinsa ya ga saurayi ya tara gashi har ya rufe masa fuska, yana rera waƙoƙin Homa, babban mawaƙin Girkawa, da ka, cikin Girkanci. Da muryar ya gane shi. Hunainu ne ya dawo.

Bari in ɗan ratse, saboda ku masu yawan tura abu ba bincike. Akwai ruwayar da ke cewa ya yi karatun nahawun Larabci a Basra wurin Halilu ɗan Ahmad, mai littafin Ainu. Labarin yana da daɗi, amma lissafi ya ƙi shi, domin Halilu ya rasu kusan shekara 20 kafin a haifi Hunainu. Ka ga ke nan ƙarin gishiri ba a WhatsApp aka fara shi ba.

Da bakinsa ya faɗi cewa yana da shekara 17 ya fassara wani littafin Jalinusa zuwa Suryananci domin Jibrilu ɗan Bukhtishu, babban likitan fada. Aikin ya girgiza manya. Yuhanna da kansa, da aka nuna masa fassarar aka ce ta yaron nan ce da ya kora, sai ya nemi a sasanta su. Nan dole a yaba wa malamin, don ba kowane babba ne ke iya lashe amansa ba. Suka shirya, Hunainu ya riƙa yi masa fassara, shi kuma ya rubuta wani ɗan littafin hikimomin likitanci ya sadaukar da shi ga tsohon ɗalibin nasa. Littafin nan na mazhabobi da aka kore shi a kansa, shi ne ya fassara shi yana ɗan shekara 20. Da ya kai 40 kuma ya tara kwafe-kwafen Girkanci da dama, ya ga na farkon da ya yi aiki da shi gurɓatacce ne, sai ya zauna ya sake aikin daga tushe.

Wannan ɗabi'a ita ce sirrinsa. Kafin ya fassara littafi sai ya tattaro duk kwafin da hannunsa zai kai, ya jera su, ya gwada wannan da wancan har ya fitar da rubutu mafi inganci. Akwai wani littafin Jalinusa a kan hujja da dalili da ya bi sawunsa ta arewacin Iraƙi, da Sham, da Falasɗinu, da Masar har Iskandariyya, a ƙarshe kusan rabinsa kawai ya samu a Dimashƙa. Ba jirgi, ba mota, ba intanet, tafiyar raƙumi da jaki ce saboda littafi ɗaya. Sannan ba ya fassara kalma da kalma. Yakan karanta jimla ya fahimce ta, ya zuba ma'anar cikin Larabcin da likita zai karanta ya gane. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Aliyu ɗan Yahaya, ɗaya daga cikin na kusa da halifa, ya lissafa littattafan Jalinusa 129, ya faɗi wanda ya fassara kowanne da kuma ingancin fassarar. Shi kaɗai ya mayar da sama da 90 zuwa Suryananci, sama da 30 kuma zuwa Larabci. Yana da tawaga, ciki har da ɗansa Is'haƙa da ɗan 'yar'uwarsa Hubaishu. Kuɗi ma sun shigo, domin an ruwaito cewa gidan Banu Musa, wasu attajirai masana lissafi, suna kashe wa masu yi musu fassara dinari kusan 500 duk wata. Har akwai labarin cewa Halifa Ma'amun yakan auna littafi ya biya shi nauyinsa da zinariya, shi ya sa ake rubuta masa da manyan baƙaƙe a kan takarda mai kauri. Ko da wayo ne, kaurin takardar ya taimaka littattafan suka daɗe ba su lalace ba.

Yanzu mu zo kan ido, wanda shi ne dalilin kawo shi wannan fili. A zamaninsu likitan ido sunansa kahhal, daga kalmar kuhul, wato kwalli ko tozali, saboda yawancin maganin ido garin magani ne ko ruwa da ake sawa kamar yadda ake sa kwalli. Aiki kuma ba ya yankewa, don ƙasashe ne na zafi da ƙura da ƙuda. Kullum ga masu jan ido, ga masu amosanin ido da cikin fatar idonsu ya yi kaushi har sai an kankare, ga waɗanda gashin idonsu ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido, ga masu tsokar da ke tsirowa daga gefe tana neman rufe gani. Akwai wata saƙar jijiyoyi da kan lulluɓe gaban ido, su suna kiranta sabal. Cire ta sai an buɗe idon, an ɗaga saƙar da 'yan ƙananan ƙugiyoyi, an bi ta da almakashi a hankali, majinyaci kuma idonsa biyu, ba allurar kashe zafi irin ta yau. Ka yi tunanin hannun da ake bukata, da kuma ɓarnar da jahili zai yi da irin waɗannan kaya.

Ilimin kuwa a warwatse yake, wani yanki a wannan littafin Girkanci, wani a wancan. Hunainu ya shafe fiye da shekara 30 yana rubuta maƙaloli ɗaya bayan ɗaya a kan ido, daga baya Hubaishu ya roƙe shi ya haɗa su wuri guda. Abin da ya fito shi ne Littafin Maƙaloli Goma a kan Ido, wanda masana ke ɗauka a matsayin littafin koyar da likitancin ido mai tsari mafi daɗewa da ya iso gare mu. Tsarin ne abin lura. Bai fara da magani ba. Ya fara da yadda aka gina ido, sannan ƙwaƙwalwa, sannan jijiyar da ta haɗa su da yadda gani ke faruwa. Bayan nan ya shiga kiyaye lafiya, da musabbabin cututtuka, da alamominsu, sai can a maƙaloli huɗun ƙarshe ya zo kan magunguna da yadda ake warkarwa. Wato ba za a ba ka tandun magani ba sai ka san abin da za ka zuba wa. Ya kuma rubuta wa 'ya'yansa Dawuda da Is'haƙa wani littafin na tambaya da amsa a kan ido, tambayoyi sama da 200. Yaron da aka kora saboda tambaya, da tambaya ya koyar da nasa 'ya'yan.

Kalmomin da shi da tawagarsa suka daidaita har yau suna aiki. Duk wanda ya yi karatun likita da Larabci ya san ƙarniyya, fatar gaban ido mai haske da aka kamanta da ƙaho da aka fere, da shabakiyya, tantanin bayan ido mai kama da raga, da multahima, da inabiyya mai kama da ɓawon inabi.

Sai dai kada in yi maka kwalliya, akwai manyan kurakurai a littafin, waɗanda ya gada daga Jalinusa. Ya ɗauka ɗan madubin nan na cikin ido, wanda suka kamanta da ƙanƙara, a tsakiyar ƙwayar ido yake kuma shi ne ke gani, alhali a gaba yake, aikinsa tattara haske ya jefa shi kan tantanin baya. Ya ɗauka jijiyar gani rami gare ta, wani ruhin gani yana bi ta ciki daga ƙwaƙwalwa ya fita ta ido. Sai da Ibnul Haisam ya zo, kusan shekara 150 bayansa, ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga waje. Kuma in za a yi adalci, Hunainu ya fi ƙarfi a ɓangaren ilimi da tsarawa fiye da aikin aska. Gwanayen tiyata sun zo daga baya, irin su Aliyu ɗan Isa na Bagadaza, wanda ya bayyana cututtukan ido kusan 130 kuma ya ambaci Hunainu cikin madogaransa, da Ammaru na Mosul wanda ya yi amfani da allura mai rami yana zuƙe yana mai laushi daga ido. A kan harsashinsa suka yi gini.

Kuskuren da ya fi shafar mu shi ne na yanar ido. Su a ganinsu wani ruwa ne ke saukowa ya daskare a gaban madubin, don haka maganinsa shi ne a soka allura ta gefen ido a ture shi ƙasa. Abin da ba su sani ba, madubin ne da kansa ya yi hazo, kuma shi suke turewa ya faɗa cikin ido. Mutum yakan ga haske nan take, a yi ta murna, amma ganin dishi-dishi ne tunda babu abin tattara haske, sannan sau da yawa kumburi ko ƙwayar cuta ko hawan jinin ido su biyo baya, idon ya tafi gaba ɗaya. A ƙarni na 9 wannan ita ce iyakar dabara, ba laifinsu ba ne. Sai a farkon ƙarni na 18 aka tabbatar da cewa madubin ne ke lalacewa, daga baya aka koma ciro shi waje, a 1949 kuma wani likita a Landan, Harold Ridley, ya fara dasa na roba a gurbinsa. Yau aikin bai fi na 'yan mintoci ba, washegari a cire bandeji.

Abin takaicin shi ne har yanzu masu ture yana da allura suna yawo ƙauyukanmu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 cikin 100 turewa aka yi musu, abin ya fi yawa a Arewa. Kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun, a makance aka same su. Saboda haka in Kaka ko Baba sun fara cewa suna gani kamar cikin hazo, kai mai waya a hannu kai ne za ka tsaya kai da fata a je asibiti, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA ko na Makka a Kano, ko sashen ido na asibitin da ya fi kusa da ku.

Su kansu mutanen da ba su yarda kowa ya taɓa ido ba. Wani malami a Sham mai suna Shaizari, zamanin Salahuddin a ƙarni na 12, ya rubuta littafin aikin Hisba, eh, Hisba dai da ka sani, don a lokacin har awo da sana'o'i take dubawa. A ciki ya bayyana cewa shugaban Hisba zai jarraba likitocin ido da littafin Hunainu. Wanda ya san rufi bakwai na ido da ruwaye ukun da ke cikinsa, ya san cututtuka, ya iya haɗa magunguna, ya kuma nuna kayan aikinsa, shi za a bari ya yi aiki. Ya yi kashedi mai zafi a kan masu maganin ido na bakin hanya. Shekara 300 ke nan bayan rasuwar marubucin, littafinsa ne lasisi. Yau hanyar ta fi tsawo. A Najeriya sai ka yi shekara 6 a makarantar likita, shekara guda ta gwajin aiki a asibiti, hidimar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar ko fiye na ƙwarewa a ido tare da jarrabawa mataki-mataki. In wannan ne burinka, ka shirya wa doguwar tafiya, amma tsarin bai canza ba, sanin ginin ido tukuna kafin a ba ka wuƙa.

Ɗaukaka ta kai shi fadar Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861 a birnin Samarra. Nan ne labarin da aka fi saninsa da shi ya faru, kamar yadda Ibnu Abi Usaibi'a ya kawo a littafinsa na tarihin likitoci, shi ma kuwa likitan ido ne. Halifa ya yi masa kyauta mai tsoka, sannan ya nemi ya haɗa masa guba da zai kashe wani maƙiyi a ɓoye. Hunainu ya ƙi, ya nuna shi magani mai amfani kaɗai ya koya. Aka tsare shi a kurkuku shekara guda, can ma karatu da fassara ya ci gaba da yi. Da aka fito da shi, aka ajiye dukiya a gefe guda, takobin hauni a ɗaya gefen, aka ce ya zaɓa. Bai canza ba. Sai halifa ya yi murmushi ya bayyana masa cewa gwaji ne, yana so ya tabbatar ba za a haɗa baki da likitansa a kashe shi ba. Da aka tambaye shi abin da ya hana shi, abu biyu ya ambata, addininsa da ya hore shi da kyautata wa ko da maƙiyi ne, da kuma sana'arsa da aka ɗora wa masu ita rantsuwar ba za su ba da abin kisa ba. Ni dai a ganina gwajin da zai ci wa mutum shekara a ɗaure zalunci ne ko da an biya shi daga baya, amma haka zama kusa da masu mulki yake a lokacin.

Jarrabawa ta biyu daga abokan sana'a ta zo, kuma ta fi ciwo, domin mabiya addininsa ne, wasu ma shi ya koyar da su. Hassada ta sa suka ƙulla masa makirci a kan wani hoton ibada na coci, aka zarge shi da wulaƙanta shi a gaban halifa. Ruwaya ta ce an yi masa bulala, an tsare shi kusan wata shida, an ƙwace gidansa da littattafansa. Daga baya halifa ya kwanta rashin lafiya, aka fito da shi ya yi masa magani, aka mayar masa da matsayinsa har da ƙari, shi kuma ya nemi kada a kashe waɗanda suka ƙulla masa. Rashin littattafan nan dai ya tsaya masa a rai, don a wasiƙar da na ambata ɗazu ya yi maganar asarar duk abin da ya tara tun tasowarsa daga garuruwan da ya zaga.

Ya rasu a shekarar 873, wato 260 bayan Hijira, yana da shekara sittin da 'yan kai. Ɗansa Is'haƙa ya ci gaba da aikin, ya fi karkata ga littattafan falsafa da lissafi.

A Turai sunansa ya rikiɗe ya koma Johannitius, kuma wani ɗan littafinsa na gabatarwa ga likitanci ya shafe ɗaruruwan shekaru cikin abin da ɗalibai ke fara karantawa a jami'o'insu. Littafin idon kuwa satar fasaha aka yi masa. Wani mutumin Tunisiya da ake kira Kustantin Ba'afirke, wanda ya zauna a gidan ibada na Monte Cassino a Italiya a ƙarni na 11, ya juya shi zuwa Latin ba tare da sunan mai shi ba, aka yi ta karanta shi a matsayin nasa. Wata fassarar ma Jalinusa aka jingina wa. Sai a farkon ƙarni na 20 wani likitan ido Bajamushe, Julius Hirschberg, ya gano cewa duka biyun aikin Hunainu ne. Wani Bajamushen, Max Meyerhof, shi ma likitan ido da ke aiki a Alƙahira, ya samu kwafin Larabcin a ɗakin karatun Ahmad Taimur Basha, ya buga shi tare da fassarar Ingilishi a 1928. A cikin wannan kwafi, wanda aka rubuta da hannu wajen shekarar 1200, akwai zanen sassan ido da ake lissafawa cikin mafi daɗewa da suka rage a duniya. In ka rubuta sunansa a Google za ka gan shi, rufi a kan rufi da jan tawada da baƙa, sunan kowanne a gefensa da Larabci, ɗan madubin kuma zaune daram a tsakiya, inda Jalinusa ya ce yake.